Kalmar "jash"

Tun daren jiya kalma ɗaya ta hana ni sakat. Muna shan shayi da wani dattijo Bakurde ɗan Iraƙi, hira ta kai ga zamanin Saddam Husaini. Aka ambaci wani tsohon maƙwabcinsa, sai ya ajiye kofi ya ce, "Jash ne." Fuskarsa ta canza.

Jash a Kurdanci ɗan jaki ne, jaririn da ke bin uwarsa. Da shi suke zagin Bakurden da ya ɗauki bindigar gwamnatin Bagadaza ya yaƙi 'yan uwansa. Gwamnati kuwa "fursan" take kiransu, wato jarumai mahaya dawaki. Ku ji nisan doki da jaki!

Dattijon ya ce a farmakin Anfal na 1988, wanda gwamnatin Saddam ta kai wa Kurdawa, su ne ke nuna wa sojoji hanyar ƙauyuka, har suna yi wa mutane alkawarin afuwa don su fito. Waɗanda suka fito, da yawa ba a sake ganinsu ba.

Abin da ya fi taɓa ni: a tawayen 1991 dubban jash sun koma wajen Peshmerga, wato mayaƙan Kurdawa masu yaƙar gwamnati, aka yafe musu. Na ce, "Baba, kai ka yafe?" Ya daɗe yana kallon kofinsa, bai amsa ba.