Ƙwai 18 a ƙarƙashin kaza ɗaya

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na miƙa makullin akurki, bayan shekara 3 ina kula da kajin bayan gidan maigidana. Ba faɗa muka yi ba, lafiya lau muka rabu, har da addu'a. Amma akwai wata magana da na haɗiye tun shekarar farko, ta tsaya min a wuya. Tunda yanzu ba a ƙarƙashin kowa nake ba, bari in fito da ita, ko wani mai kiwo ya tsira da ƙwansa.

Akwai wata kaza wake-wake a garken, matsakaiciya, ba ta da wani jiki. Watana 4 da kama aiki kwanci ya kama ta. Duk mai kiwo ya san alamar: ta lafe a gurbi dare da rana, ka miƙa hannu ta kumbura gashi tana gurnani, ka ɗaga ta ka ga ta fige gashin ƙirjinta don fatarta ta riƙa taɓa ƙwai. Na bar ta kwana 2 in tabbatar ba wasa take ba, sannan na zaɓo mata ƙwai 10, duk waɗanda ba su kai mako da sakawa ba, babu mai tsaga, kuma ban wanke ko ɗaya ba, don wanki yana cire wani siririn rufi da ke hana ƙwayoyin cuta shiga ta ƙofofin ɓawo. Da dare na zuba mata, ta jawo su da baki ɗaya bayan ɗaya, ta rufe su ruf. Na ƙirga kwana 21 na rubuta a jikin bango.

A rana ta 6 Maigida ya shigo bayan gida da kwali a hannu. Wani abokinsa ne ya ba shi ƙwai 8 na manyan kajin nan masu gashi har ƙafa, yana ta murna kamar an ba shi doki.

Ya ce, "Kai, zo ka sa wa waccan mai kwancin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ta yi nisa, yau kwananta 6. Kuma da 10 a ƙarƙashinta."

Ya ce, "Kaza ta san lissafi ne? Tun ba a haife ka ba nake kiwo. Sa mata."

Na sa mata. Iyakar musun da na yi ke nan.

Abu biyu ne suka lalace a wannan minti ɗaya. Na farko yawa. Kaza irin wannan iyakarta 10, in an matsa 12. Ƙwai yana bukatar ɗumi kusan digiri 37 da rabi, ba yankewa, kuma abin da jikinta bai rufe ba sanyi yake sha. Da a ce na gefen za su zauna a gefen, da su kaɗai za a yi asara. To ba haka kaza take yi ba. Wuni take tana juya ƙwai, na tsakiya ta turo shi waje, na waje ta jawo shi ciki, sai ya zama kowanne ya ɗanɗana sanyin, wanda ke da rai da wanda bai fara ba. Na biyu kuwa lokaci, kuma shi ne wanda ba shi da magani. Ƙwan da aka sa yau da wanda aka sa bayan kwana 6 ba za su fashe rana ɗaya ba, ita kuma uwa ba ta da haƙurin mako guda bayan 'ya'yanta na farko sun fito.

Abin da ke ci min rai har yau ba maganar Maigida ba ce, tawa ce da ban yi ba. A wannan makon akwai wata jar kaza da ita ma ta fara lafewa a gurbi. Da na ce, "Ranka ya daɗe, ga ja can ta fara kwanci, a ba ta waɗannan ita kaɗai," da ya yarda, don shi burinsa a ƙyanƙyashe masa ƙwan abokinsa ne, bai damu da wace kaza ba. Tunanin bai zo min ba sai bayan kwana 3, lokacin kuwa ni da hannuna na riga na kore ta daga gurbin har kwancin ya sake ta, saboda ana son ta koma saka. Tsoron kada a ce yaro ya cika baki ya toshe min kai.

Daren kwana na 14 na ɗauki tocila na shiga akurki. Idan ka dunƙule hannu a bakin tocila ka ɗora ƙwai a cikin duhu, cikinsa yakan bayyana. Na fara da manyan, waɗanda kwanansu 8 ke nan. Shida daga ciki da rai: jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, ga wani baƙin ɗigo, ido ke nan, yana lilo a hankali idan na juya ƙwan. Sai na koma kan ƙananan. Ya kamata a ce a wannan kwanakin cikinsu ya yi duhu, sai ɗan sararin iska a gefen mai faɗi. Huɗu ne kawai haka. Sauran, wani da zoben jini zagaye da ɓawo, wani ruwa kawai yake kaɗawa. Na mayar da masu rai da sauran manyan 2, na fito na zauna a bakin ƙofa na daɗe. Na riga na ga ƙarshen abin saura mako guda ya faru, kuma ba ni da kazar da zan kai wa manyan nan.

Ranar 20 da yamma na fara jin kukan tsako daga cikin ɓawo, ita kuma tana amsa masa ƙasa-ƙasa. Washegari 4 suka fito. Ɗan tsako yakan shanye ragowar gwaiduwa ta cibiya kafin ya fito, shi ya sa yake iya kwana 2 zuwa 3 bai ci komai ba, kuma iyakar jiran da uwar za ta yi wa sauran ƙwai ke nan. Wake-wake ta yi nata. Ta zauna ranar 22 cur. Da asubar ranar 23 na tarar da ita a tsakar fili tana tono, 'ya'ya 4 a bayanta, gurbi kuwa ya yi sanyi ƙalau.

Ban san abin da ya sa na fasa manyan ƙwan da ta bari ba, amma na fasa. Kwanansu 17. A cikin 5 na tarar da tsaki cikakku, gashi a jiƙe ya kwanta, baki ya fito, 'yan farata ma sun fito, kai a naɗe, gwaiduwa tana rataye a ciki ba a shanye ba. Kwana 4 kacal suka rage musu. Na shida ya mutu tun da wuri, sauran 2 baragurbi ne, ɗaya ma da na taɓa shi ya fashe da warin da ya bi ni har cikin ɗaki.

Maigida bai tambaye ni yadda aka yi ba. A gaban abokin nasa, mai ƙwan, ya kira ni ya ce ni na kashe su da tocila, wai an gan ni ina shiga akurki da dare ina lalube. Ya ce hannuna ba shi da albarkar kiwo. Aka yanke min wani abu daga albashin watan, aka kuma hana ni haska ƙwai. Na ce, "Allah ya huci zuciyarku, ranka ya daɗe." Hasken tocila na ɗan lokaci ba ya kashe ƙwai, kowa ya sani, shi ma ina jin ya sani. Amma a gaban baƙo dole laifi ya sami mai shi, kuma ba za a ɗora wa kaza ba.

Daga nan na daina neman izini kan abin da ya shafi gurbi, na kuma daina musu. Fensir na saya. Duk kazar da za ta yi kwanci, rana ɗaya ake zuba mata ƙwanta, in zagaye kowanne da layi, in rubuta kwanan wata. Na keɓe mata wuri da raga don kada sauran kaji su hau kanta su saka sabo. In Maigida ya kawo ƙwai a tsakiyar kwanci, sai in karɓa da hannu biyu in ce to, in ajiye su a wuri mai sanyi, tsinin yana kallon ƙasa, in jira wata ta kwanta. Idan mako ya wuce babu, in gaya masa a fili cewa sun fara tsufa. Tocilar ma ban daina ba, sai dai na koyi jiran kowa ya yi barci.

Sauran abubuwan da aikin ya koya min ba su da tsawo. Kada ka taya tsako fasa ɓawo don ka ga ya huda ya yi shiru, yakan kai kwana guda yana hutawa, in ka ɓare jini za ka gani. Duba ƙwarƙwata kafin kaza ta kwanta, don ita ke tayar da mai kwanci daga kan ƙwai. Zuba tsakuwa a mazubin ruwa, tsako yana nitsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Abincin kaji masu saka ba na tsaki ba ne, sinadarin ƙarfafa ɓawon da ke ciki ya yi musu yawa. Ƙwan zabo da na agwagwa kuma sun fi kwana 21, kada ka haɗa su da na kaza rana ɗaya ka ce za su fito tare.

Wake-wake ta sake kwanci sau 5 a hannuna. A na ƙarshe ƙwai 11 na ba ta, ta fito da 10. Ranar Maigida ya jawo wannan abokin nasa har bakin akurki yana nuna masa, yana cewa ai kiwo sai wanda ya daɗe a cikinsa. Ina tsugune a gefe ina wanke mazubin ruwa.

Yaron da ya karɓe ni na zagaya da shi ko'ina, na nuna masa wace kaza ce uwa tagari, wace ce ke tashi a kwana 10 ta bar ƙwai. Fensirin na bar masa a kan ƙusa, bayan ƙofa. Tocilar kuwa tawa ce, na tafi da abata.