Horon intanet ga ma'aikatan ɗakin haihuwa: abin da yake gyarawa da inda yake tsayawa

Idan jini ya ɓalle wa mace bayan haihuwa, yawancin waɗanda ke tsaye a kanta sun san maganin. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen magana. Wani ya ce "a kawo oxytocin" (allurar da ke sa mahaifa ta tsuke) bai kira sunan kowa ba, mutum uku suka ji, kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya tafi ɗaukowa. Minti biyar sun wuce, ba a yi allura ba. Irin wannan giɓin ne horon sadarwa yake toshewa, kuma kaso mai yawa nasa ana iya koyonsa ta waya.

Abu na farko da ake koyarwa shi ne maimaita umarni. Mai jagoranci zai ambaci mutum, ya faɗi magani da adadinsa da hanyar bayarwa: "Sista, tranexamic acid giram 1 ta jijiya, a hankali cikin minti 10." Ita kuma ta maimaita da ƙarfi, in ta gama ta ce "Na ba da, ƙarfe 2 da minti 15." Lokacin yana da muhimmanci, domin wannan maganin tsayar da jini yana aiki ne idan an ba da shi cikin awa 3 da haihuwa, kuma idan jinin bai tsaya ba bayan minti 30 ana ƙara giram 1. Wanda bai ji lokacin na farko ba, ba zai san lokacin na biyu ba.

A jijjigar masu ciki ma haka ne, har ya fi haɗari. Maganinta, magnesium sulphate, na zuwa da ƙarfin kashi 50, amma giram 4 da ake fara bayarwa ta jijiya sai an tsinka shi zuwa kashi 20: mililita 8 na magani, 12 na ruwan allura. Giram 5 na kowane ɗuwawu kuwa ba a tsinkawa. Idan aka ce "a ba ta magnesium" aka yi shiru, an bar ƙofar kuskure a buɗe.

Na biyu shi ne tsarin kiran likita da ake kira SBAR, wanda asibitocin Amurka suka aro daga sojojin ruwa. Gaɓa huɗu ne: me ke faruwa yanzu, mene ne tarihinta, me na gani, me nake so a yi. Maimakon "Dakta, mai gado na 4 ba ta jin daɗi," sai a ce: "Ta haihu minti 40 da suka wuce, haihuwa ta 7, jini ya kai mililita 600, mahaifa ta saki, bugun zuciya 118. Na murza mahaifa, na ba da oxytocin. Ina so ka zo yanzu." Likitan da aka tasa daga barci ba ya bukatar tambaya ko ɗaya.

Waɗannan biyun suna koyuwa a intanet, in an tsara darasin da kyau. Gajeren bidiyo na minti 5 zuwa 10 da za a sauke a kalla ba tare da data ba ya fi laccar awa biyu a Zoom, wadda rabin mahalarta ke bi suna tsakiyar aiki. A ba kowa labarin wata mai naƙuda, ya naɗi muryarsa yana kiran likita, mai horarwa ya saurara ya gyara. Kacici-kacin zaɓi ɗaya cikin huɗu ba ya nuna ko bakin mutum zai iya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tura ungozomomi su kaɗai. Idan likita bai san tsarin ba, zai katse ta tun a gaɓa ta biyu, ita kuma ba za ta sake gwadawa ba. A wurinmu da ake girmama na gaba, ƙaramar nas ba ta iya cewa babban likita "adadin nan bai yi daidai ba" sai in shi da kansa ya zauna a horon ya ce yana son a faɗa masa. Dole a sa mai ɗakin jini, mai ba da maganin barci da masinja, don su ma suna cikin sarƙar.

Abin da waya ba za ta koyar ba shi ne ɗakin kansa. Binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya rage mummunan zubar jini da kusan kashi 60. An yi amfani da leda mai ma'auni da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai jego, aka kuma haɗa murza mahaifa, oxytocin, tranexamic acid, ƙarin ruwa da duba mafarin jinin a lokaci guda da zarar an kai mililita 500. Aiki biyar a tare ba ya yiwuwa sai an raba shi tun kafin buƙata ta taso.

Don haka bayan kowane darasi a yi atisaye na minti 15 a ɗakin haihuwa, da ma'aikatan da ke bakin aiki, har da na dare. A riƙe agogo. A nan ne ake gano cewa makullin firjin oxytocin yana aljihun wanda ya tashi aiki, ko babbar allurar ƙarin ruwa ta ƙare a tire. A rubuta abin da aka gano, a sa sunan wanda zai gyara da ranar da za a sake dubawa.