Daga Kwano zuwa Gomben Tanzaniya, ina bin biri mai ganga

Ranar da na ce ma Inna na samu aiki a Gombe har ta fara murna wai ai kusa ne, zan dinga leƙowa gida duk wata. Sai da na zauna na mata bayani cewa wannan Gomben a Tanzaniya take, bakin tafkin Tanganyika, wani ɗan daji ne da ko hanyar mota babu, sai dai ka shiga jirgin ruwa daga Kigoma. Shiru tayi can ta ce duk saboda biri? Na ce eh Inna saboda biri.

Ni ɗan Serti ne a jihar Taraba, kuma a dajin Kwano cikin gandun dajin Gashaka Gumti na koyi aikin bin chimpanzee. Mu can biri mai ganga muke ce mishi saboda yadda yake dukan saiwar manyan bishiyoyi kana jin ƙarar daga nesa kaman ana kiɗa. Shekaru nayi ina binsu amma wallahi abinda nafi sani shine shimfiɗar da suke yi a saman bishiya su kwana, da kashinsu da muke wankewa a rariya muga me suka ci, da tsinkayen da suka bari wajen cin tururuwa ko zuma. Namu basu saba da mutum ba, kafin ka ɗaga kai sun ɓace. Shiyasa da wata ɗalibar digiri na uku ta nemi mai taimaka mata a Tanzaniya ban tsaya dogon tunani ba.

Satin farko ya bani wuya. An ce min jirgi zai tashi daga tashar Kibirizi a Kigoma saa sita, kunnena ya ji shida, na je tun asuba da kayana na zauna har rana ta take, ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga lokaci, sita ɗinsu sha biyun rana ce. Amma yarensu na Swahili bai min nisa ba kaman yadda naji tsoro, dunia, sababu, Alhamisi, sitini, sabini, duk namu ne da ɗan lanƙwasa. Babba kuma shikamoo zaka ce mishi ya amsa da marahaba, ranar da na fara jin wannan marahaba ɗin sai naji kaman a ƙofar gidanmu nake. Abinci ugali ne, tuwon masara amma mai tauri, da wake ko ƙananan kifin da suke kira dagaa, na saba dai amma har yau ina kewar miyar kuka da daddawa.

Aikin kuma, kafin gari ya waye kana ƙarƙashin bishiyar da wanda zaka bi ya kwana, in ya sauko ka bishi duk inda ya sa ƙafa har yamma ya sake shimfiɗa, duk minti 15 ka rubuta inda yake da su waye kusa dashi da me yake ci, kuma dajin nan duk tudu ne da kwari, su ratsa sarƙaƙiya cikin minti ɗaya kai kuma kana rarrafe da littafi a baki. Takunkumi dole ne, in kana mura ko tari ba zaka shiga ba sam, don ciwonmu yana kamasu yana kashe su, a 1966 har shan inna ta taɓa shiga cikinsu. Ina ganin wannan dokar daidai ce ko da ranar aikinka zata tafi a banza.

Abinda bazan manta ba farkon damina ne, wata uwa ta zauna bakin suri ta tsinko kara ta zare ganyen ta zura a rami a hankali ta jawo cike da gara ta suɗe, ɗanta na gefe yana gwadawa da wani guntun tsinke ko shiga baya yi. Irin wannan Jane Goodall, baturiyar da ta shahara da binciken biran nan, ta gani a nan a 1960, shekarar da ta iso. Ni da na shekara da shekaru ina tsintar tsinke a ƙasa ban taɓa ganin hannun da ya riƙe shi ba, sai gashi gabana. Hawaye suka zubo min cikin takunkumin. Dattijon da muke aiki tare, wanda ya san kowanne da sunanshi da uwarshi da kakarshi, ya taɓa kafaɗata ya nuna min agogo, lokacin rubutu yayi.

In na samu hutu nakan fita Kigoma in yi Juma'a, in sayi kati in kira gida. Inna yanzu bata ƙara cewa duk saboda biri, tambayarta ta farko ita ce yaron nan ya iya kamun garar kuwa, ni kuma ince mata da saura Inna, amma ya fara zaɓar tsinke mai tsawo.