Kwana huɗu a hanya da 'yar na'urar nuna hanya mai araha

Shekaranjiya da daddare muka dawo, amma har yanzu in na kwanta sai in riƙa jin muryar matar nan tana cewa in juya da baya. Muryar da ke cikin 'yar na'urar nuna hanya ce, GPS ɗin mota, wadda na saya ana gobe za mu tashi. Ni da ƙanina muka yi tafiyar, zuwa wurin wani tsohon abokin karatuna da aiki ya kai shi wani gari can bayan duwatsu, kuma daga ni har ƙanin nawa babu wanda ya taɓa bin hanyar.

Mafi araha a cikin waɗanda aka nuna mini na ɗauka: sikirin inci 5, igiyar caji da ake sokawa a wurin kunna sigari, da wata roba mai manne wa gilashi. Ƙanina yana ganinta ya kwashe da dariya. "Yaya, wayarka fa akwai taswira a ciki. Wannan kuma ta mece ce?" Na ce masa ya shiga mota tukuna.

Da asuba ta fara ba ni kunya. Na kunna ta, sai ta tsaya tana neman tauraron ɗan'adam, minti ɗaya, biyu, har muka kusa biyar muna zaune mota na aiki. Ashe haka suke a kunnawar farko. Taurarin GPS suna can sama nisan kilomita wajen 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a yini, kuma sai na'ura ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta lissafa inda take. Waya tana samun bayanin inda taurarin suke ta intanet cikin daƙiƙoƙi. Ita wannan sai ta jira ta saurare shi daga sama, a hankali, kamar mai ɗiban ruwa da cokali. Washegari kuwa ko minti ɗaya ba ta yi ba.

Bayan azahar ne ta rama. Mun shiga wani dogon daji, sabis ya ɗauke ɗif, taswirar wayar ƙanina ta koma fari fat da ɗigo shuɗi a tsakiya, don bai sauke taswirar yankin ba tun muna gida. 'Yar na'urata ko a jikinta. Ba ta da layi, ba ta cin data, taswirarta na cikin cikinta, saurare kawai take yi. Muka zo wata mararraba da babu allo babu kowa, ta ce dama, muka bi dama, kuma daidai ne. Ƙanina ya kife wayarsa a cinya bai ce uffan ba. Na ji daɗin wannan shirun ƙwarai. Wani abu kuma da na so: waya takan yi zafi a rana, kira ya shigo daidai lokacin da kake buƙatar ganin kwana. Wannan aiki ɗaya ta sani. Tana kuma nuna gudun mota, kuma kullum nata ya ɗan gaza na agogon motar kaɗan. Yawancin motoci haka aka yi su, agogonsu yana ɗan ƙarawa.

A babban birnin da muka ratsa rana ta biyu aka yi abin. A gida, inda na san kowane lungu, ko da wasa ba zan saurari na'ura ba, amma baƙo makaho ne ko da idonsa. Tsakanin dogayen gine-gine kibiyar ta fara tsalle, yanzu tana wannan titi, anjima tana na kusa da shi, saboda saƙon tauraron yana bugun bango kafin ya iso. Ta ce in shiga hagu, na shiga. Ashe an mayar da titin mai hannu ɗaya tun bayan da aka zana taswirarta. Ban yi taku hamsin ba wani jami'in hanya ya tare gabana.

Na sauke gilashi na yi masa sallama, bai amsa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, wannan ce ta ce mu shigo." Ya leƙo, ya kalli na'urar, ya kalle ni, ya ce to ita ce ke da lasisin ko ni? Ya karɓi takarduna ya tafi gindin wata bishiya ya bar mu a rana fiye da rabin awa. Laifi nawa ne, akwai allo ban duba ba, idona na kan sikirin. Amma wulaƙancin da ya haɗa da shi ba ya cikin doka. Muna nan zaune zafi ya saki robar, na'urar ta faɗo ta bugi giya, tana ƙasa tana ta faɗin a juya da baya. Ƙanina ya yi dariya har da hawaye. Ni ban ga abin dariya ba sai da yamma.

A nan ne arahar ta fito fili. Sikirin ɗin sai ka danna da farce da ƙarfi, in rana ta haske shi ba ka ganin komai. Rubuta sunan wuri wahala ce, harafi ɗaya ka kuskure ta ce babu wurin a duniya. Ba ta san cunkoso ba, ba ta san an rufe hanya ba. Lissafinta na inda kake bai wuce kuskuren 'yan mitoci ba a fili, abin da kafin watan Mayun 2000 ba a samu, lokacin da gwamnatin Amurka, mai taurarin, take rage ingancin saƙon da gangan ga farar hula har kuskure ya kai mita 100. Sama ta gyaru tun tuni. Taswirar da ke cikin akwatin ce ta tsufa.

Da la'asar na yi wautar da ta fi ta safe. Don in rama lokacin da jami'in ya cinye mana, na sauya ta daga hanya mafi sauri zuwa mafi kusa. Ta sauke mu daga kwalta zuwa burji, daga burji zuwa turbar da ciyawa ke shafar ƙofofi, har muka tsaya cak a bakin wani rafi. A sikirin akwai gada. A gabanmu ginshiƙai biyu ne kawai a cikin ruwa.

Wani dattijo ya fito daga gona da fartanya a kafaɗa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, gadar fa?" Ya ce ruwa ya tafi da ita damina uku da suka wuce, kuma ba mu ne na farko da irin wannan abin ya kawo nan ba. Na ciro na'urar in nuna masa inda za mu, sai ta fara kukan batir, don ba ta jure awa guda in ba a jone take ba. Ya ce in ajiye ta. Ya tsuguna ya zana mana hanya a ƙasa da tsinke: koma baya zuwa babbar bishiya, bi hagu, wuce rijiya, akwai mashigi mai dutse inda ruwa bai kai gwiwa ba. Da ya ga duhu na shigowa sai ya ce ba za mu gane ba, ya kira jikansa ya hau babur ya shige gabanmu har kan kwalta. Na miƙa wa yaron kuɗin mai, ya ce Baba ya hana. Na matsa, ya juya babur ɗinsa ya tafi. Duk tsawon wannan hanyar, a sikirin, kibiyarmu tana yawo ne a fili babu titi ko ɗaya.

Da muka hau kwalta ta dawo hayyacinta, ta kai mu har ƙofar gidan abokina cikin dare ba tare da kuskure ba. Kwana ɗaya muka yi. A dawowa na mayar da ita kan mafi sauri, na sa ta guji hanyar da ba kwalta, muka zagaye birnin nan ta baya.

Jiya na jona ta da kwamfuta don sabunta taswira, sai na tarar sabuwar ta kuɗi ce. Ban saya ba tukuna. Da safen nan ƙanina ya aiko a tambaye ni ko zan ara masa ita mako mai zuwa, wai yana da tafiya inda babu sabis.