Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Waƙar da Na Sayar Ban San Mai Ita Ba

A makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya damƙa mini makullin rumfarsa ta cajin waya a kasuwar Agadas, ya koma Birnin Konni jinyar ƙafarsa. Wannan ya faru ne a lokacin da tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar a shekarar 2007 bai gama lafawa ba, Turawa masu yawon buɗe ido sun ƙaurace wa garin, kasuwa kuma ta yi sanyi ƙwarai. Abin da ya riƙe ni a wannan rumfa, bayan cajin da ba ya kawo abin kirki, shi ne wata tsohuwar kwamfuta da Kawu ya sayo daga hannun wani mai dawowa daga Libiya, wadda da ita nake tura wa mutane waƙoƙi a memorin wayoyinsu.

Sana'ar ba ta da wuyar koyo, sai dai tana son haƙuri da sanin halin mutane. Mutum zai zo ya ɓalle murfin wayarsa, ya zaro memori da farce, ya miƙo mini, ni kuma in zura shi a kwamfuta in tambaye shi abin da yake so. Direbobin manyan motoci masu zuwa Dirku sun fi son wa'azi da karatun Alƙur'ani da waƙoƙin Shata, 'yan mata kuma waƙoƙin nanaye na fina-finan Kano da na Indiya, samarin Abzinawa kuwa ba su da zance sai jita. Akwai wata al'ada da duk mai irin wannan rumfa yake yi ba tare da neman izni ba: kafin in zuba wa mutum abin da ya biya, sai in kwashe duk abin da na tarar a memorinsa in adana a wajena. Ta haka jarina ya riƙa ƙaruwa ban kashe ko dala ba, kuma ta haka wata waƙa ta shigo hannuna, ba sunan mawaƙi, ba sunan waƙa, sai wasu lambobi da wayar da ta fito daga ciki ta raɗa mata.

Ranar da na fara kunna ta na ɗauka kuskure aka yi wajen haɗawa. Kiɗan ƙasa irin na sutudiyon fina-finan Hausa ne, gangar inji da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa har tana rawa kamar ta 'yan nanaye, amma harshen Tamashek ne, wato yaren Abzinawa, kuma jitar da ke bi ta ƙarƙashi irin ta Abzinawa ce tsantsa. Cikin 'yan watanni ta zama waƙar da na fi turawa. Da yake ba ta da suna, sai na buɗe mata jaka ta musamman na rubuta "Buzu mai nanaye", sunan da a yau nake jin kunyarsa, amma haka ta fita daga rumfata zuwa ɗaruruwan wayoyi, daga nan kuma Bluetooth ya ɗauke ta zuwa inda ban sani ba.

Wani yaro ɗan kabu-kabu ne ya fara gaya mini cewa mai waƙar sunansa Mdou Moctar, kuma ɗan yankin Tawa ne. Sauran labarin a hankali na tattara shi, wani daga bakin mutane, wani daga hirarrakin da ya yi da 'yan jarida daga baya. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Ya taso a gidan da ba a ɗauki kiɗa a matsayin sana'ar ɗan mutunci ba, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da katako da wayoyin birkin keke a madadin tsirkiya, bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, wanda yake cikin magabatan masu jitar Abzinawa a Nijar. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda aka naɗi waƙoƙin nan: a Sakkwato ne, a shekarar 2008, kundin kuma sunansa Anar. Ashe kunnena bai yi ƙarya ba, domin sautin da na ji na nanaye daga sutudiyon Hausawa ya fito, tafiyar da ba ta kai ta yini ɗaya ba daga garin da aka haife ni.

Ban gan shi da idona ba sai a wani biki a bayan gari, inda wani abokin cinikina ya gayyace ni ɗaurin auren ƙanensa. An shimfiɗa tabarmi a fili, an ja janareta can nesa don kada ƙararsa ta danne kiɗa, an ɗora lasifika biyu a kan kujeru. Bahago ne, da hagu yake kaɗa jita, kuma yatsunsa ne ke aikin kai tsaye a kan tsirkiya. A nan babu muryar kwamfuta ko kaɗan. Mai ganga yana farawa a hankali, sannan ya riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan yadda ba za ka lura ba sai ka ga ƙura ta tashi, samari sanye da rawani suna shiga fili bibbiyu suna rawa, ana yi musu liƙi, waƙar da na sani ta 'yan mintoci a kwamfuta ta miƙe ta ƙi ƙarewa. Duk wanda ya ga wasan Mdou da abokan kiɗansa a manyan dandalin Turai daga baya ya yi mamakin yadda suke jan waƙa ɗaya suna ƙara mata wuta, to a irin wannan fili aka koyi abin, inda makaɗi ba ya tsayawa muddin masu rawa ba su gaji ba.

Yadda sunansa ya ƙetare teku ma ta hanyar memori ne. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, ya tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a arewacin Mali, irin kwasar da nake yi a rumfata, ya fitar da su a faifai a shekarar 2011, waƙar Tahoultine ta Mdou tana ciki. Bambancinsa da ni shi ne ya yi cigiyar masu waƙoƙin don ya biya su, kuma da ya samu Mdou sai ya kawo masa jitar da aka ƙera domin bahago. Daga nan aka samu kundin Afelan a 2013, sannan a 2015 suka fitar da fim ɗin da suka yi a nan Agadas da harshen Tamashek, wanda aka gina a kan fim ɗin mawaƙi Prince na 1984 mai suna Purple Rain, wato ruwan sama mai launin shunayya. Sunan fim ɗin ya zama abin raha a wajen Turawa, domin da aka rasa kalma ɗaya ta launin shunayya sai aka kira shi ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki.

Sai dai wanda ya tsaya a kan mutum ɗaya bai fahimci abin da ya biyo baya ba, domin sunan Mdou Moctar ya koma sunan ƙungiya ta mutum huɗu. Ahmoudou Madassane ne ke riƙe da jita ta biyu, wadda ita ce ke shimfiɗa tabarmar da Mdou ke yawo a kai. Mikey Coltun, Ba'amurke, shi ne mai jita mai kaurin murya kuma shi ke tsara naɗin sauti, sannan Souleymane Ibrahim ya zo ya karɓi ganga. Kundinsu na farko a matsayin cikakkiyar ƙungiya a sutudiyo shi ne Ilana, wanda aka naɗa a Detroit ya fito a 2019. Bayansa kamfanin Matador na birnin New York ya ɗauke su, kamfanin da ya yi suna wajen fitar da ƙungiyoyin kiɗan rok waɗanda ba sa bin layin manyan kamfanoni, irin su Pavement da Yo La Tengo da Interpol, kuma a ƙarƙashinsa suka fitar da Afrique Victime a 2021. A ra'ayina wannan ne mafi ƙarfi a cikin ayyukansu, ko da yake na san tsofaffin abokan cinikina da yawa sun ce ƙarar jitar ta yi yawa, kiɗan ya koma na Turawa. Ban yarda da su ba gaba ɗaya, domin abin da ake faɗa a ciki namu ne: halin da mata ke ciki, da mulkin mallaka.

Lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, suna Amurka suna zagayen wasa, aka rufe iyakoki, 'yan Nijar ukun suka kasa dawowa gida na wani lokaci, har masoyansu suka haɗa musu gudummawa ta intanet. A wannan zaman jiran ne suka sake naɗar waƙoƙin kundin Funeral for Justice da jita marar lantarki. Kundin na asali ya fito a 2024, wannan na biyun kuma a 2025 da sunan Tears of Injustice.

Na yi gaba da labari da yawa, bari in dawo rumfa. Kawu ya warke ya dawo bayan kusan shekara biyu, ya zauna muka yi lissafi a kan buhun gawayi da shayi a gabanmu, ya ga cewa turin waƙa ya ninka caji riba. Da na nuna masa jakar da ta fi kawo kuɗi, na kuma gaya masa cewa mai waƙoƙin yana nan cikin gari yana wasa a bukukuwa, sai ya ajiye kofinsa ya dube ni.

"To kai ɗan nan, nawa ka kai masa a ciki?"

Na ce, "Kawu, ai ba a kaiwa. Kowa haka yake yi."

Bai ce mini komai ba, ya ɗauki kofinsa ya ƙarasa shayin, sannan ya ce in goge sunan da na raɗa wa jakar in rubuta sunan mutumin daidai, tunda dai yanzu na san shi. Na goge a gabansa. Kuɗin kuwa ban taɓa kaiwa ba, shi ma Kawu bai sake tayar da maganar ba, muka ci gaba da turawa har lokacin da manyan wayoyi da WhatsApp suka zo suka kashe sana'ar baki ɗaya. Yadda hakan ta sa na rufe rumfar na bi ayarin masu neman zinariya zuwa Jado a 2014, shi ne abin da zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.