Godiya ga Honorabul da duk wanda ya sa hannu a zaman takardun haihuwar unguwarmu

Assalamu alaikum jama'ar unguwa, da ƴan uwanmu na Damagaram mazauna Yamai, Agadas da Kano da suke ta bugo waya suna tambayar yadda aka kwana. An kwana lafiya. Alƙali ya zo, ya zauna kwana biyu a filin makarantarmu, ya saurari shaidu, kuma shekaranjiya aka kawo kashin farko na takardun haihuwar yara. Ni ne sakataren ƙungiyar iyayen yara, shi ya sa aka ɗora mani rubuta godiya. Ko ba a ɗora mani ba zan rubuta, domin a gidana maganar ta fara.

Ƴar wana marigayi tana hannuna tun tana shekara huɗu. A ɗaka aka haife ta, a babban gidanmu, ungozoma ta yanke cibi, aka yanka rago ranar suna, aka watse. Babu wanda ya tuna da takarda. Ta shiga lakol da alkawarin za a kawo, ta wuce kwalej da wannan alkawarin, har bana da ta kai aji huɗu aka ce kowa ya haɗa dosiyen jarrabawar BEPC, ta kammala kwalej. Ranar ta dawo gida ta aje jaka a bakin ƙofa, ta shige ɗaki, tuwon dare ma ba ta taɓa ba. Sai da innarta ta matsa mata ta ce darekta ya faɗa masu wanda ba shi da takardar haihuwa ba za a karɓi dosiyensa ba. Yarinyar da tun da ta shiga kwalej ba ta taɓa maimaita aji ba.

Sau huɗu ina hawa kabu-kabu zuwa wani ofishi. Yau a ce mai sa hannu ya fita, gobe a ce in dawo bayan azahar. A zuwa na huɗu wani mutum da ke zaune ƙarƙashin bedi da ƴar jakarsa ta takardu ya yafuto ni, ya ce in ba shi jika goma zuwa jibi in zo in karɓa. Wallahi sai da na sa hannu aljihu. Abin da ya hana ni, jika shida ne kawai a jikina. Ba zan faɗi ofishin ba, don daga baya na gane ƙofar da nake ta bugawa ba ita ce ƙofar ba, ko da yake da wani a ciki ya faɗa mani haka tun ranar farko da ya rage mani kuɗin kabu-kabu.

A wurin sadakar uku ta wani maƙwabcinmu na haɗu da Honorabul, tsohon depite, wato ɗan majalisar dokokin ƙasa. Ya roƙe ni kada in sa sunansa, kuma ƴan unguwa sun san wanda nake nufi. Yana zaune kan tabarma cikin mutane, ina ba wani labarin mai jaka, sai ya juyo ya ce, "Malam, shekarar yarinyar nawa?" Na ce sha huɗu. Ya ce, "To ai ba aikin mairi ba ne yanzu, aikin alƙali ne. Kuma yadda na san unguwannin nan, ba ita kaɗai ba ce. Ku ƙirga mani su."

Bayan an shafa fatiha ya riƙe mu a zaure, ni da mai unguwa da liman, ya warware mana zare da abawa. Dokar da ke aiki ita ce mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yulin 2019, kuma yana kan kujerarsa ta depite lokacin da aka amince da ita, zamanin da Ousseini Tinni ke shugabancin majalisa. Dokar ta ba iyaye kwana 60 daga ranar haihuwa su kai sanarwa, kuma kyauta ne, ko dala ba a biya. Ba dole sai an je babban ofishin mairi, wato na magajin gari, ba, gidajen likita da masu gari suna riƙe da kaye, wato littafin sanarwa. Haka aure, haka mutuwa. Amma da zarar kwana 60 sun wuce, hannun mairi ya ɗaure. Sai an je gaban alƙali da shaidu ya yanke hukuncin da muke kira zizman, sannan a kai mairi a rubuta cikin rajista, a fitar da takarda. Kuma idan mutane suna da yawa a wuri ɗaya, ana iya neman kotu ta taso ta zo ta zauna cikinsu, maimakon kowa ya kwashi tsofaffinsa zuwa kotu.

Liman ya tambaye shi yadda aka yi doka mai sauƙi haka ba mu san da ita ba. Ya lissafa mana hanyar da ta bi: gwamnati ta aiko da daftari, kwamitin majalisa ya bi shi layi-layi, minista ya zo ya kare, aka kaɗa ƙuri'a, shugaban ƙasa ya sa hannu, aka buga a jaridar gwamnati da Faransanci. Sai ya yi shiru, ya ce, "Daga nan kuma muka koma kan wata. Laifinmu ne, ba mu zagayo mun karanta maku da Hausa ba." Ban taɓa jin ɗan siyasa ya ce laifinmu ne ba tare da ya ɗora da amma ba. Daga Yamai zuwa nan kusan kilomita 900 ne, motar safa tana cinye su cikin yini guda, wannan doka kuwa ta shekara shida ba ta iso zaurenmu ba.

Wani ɗan uwana da ke Maigatari, da na ba shi labari a waya, dariya ya yi. Ya ce mene ne abin godiya don ɗan majalisa ya yi wa mazaɓarsa aiki? Na ce ka ji inda muka bambanta. Ku a Najeriya kowace jiha da majalisar dokokinta, Jigawa mutum 30, Katsina 34, Kano 40, kowa da yankinsa, kun san gidan da za ku je ku yi zaman dirshan. Mu ma jaha muke cewa, amma jaharmu ba ta yin doka. A da majalisa ɗaya ce a Yamai mai kujera 171, kuma jerin sunayen jam'iyya muka riƙa zaɓa na jaha gaba ɗaya, ban da mazaɓu na musamman irin Tesker. Depite ɗaya na Birni ne, na Tanut ne, na Magarya ne, na Gure ne, wanda yake na kowa kuwa da wuya ka ce naka ne. Ƙari a kan haka, tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wannan majalisar ba ta nan, majalisun gari ma an rushe su a watan Afrilun 2024, kantomomi ke riƙe da mairi. Mutumin nan ba shi da kujera, ba shi da motar gwamnati, ba kuma ƙuri'ar da yake nema gobe. Da tsohuwar zuma aka yi mana magani.

Shi ya rubuta wasiƙar neman zaman da hannunsa, mai unguwa ya sa hannu, suka kai tare. Ya koma sau uku yana bibiya. Ranar da aka sa mana rana shi ya kira ni, ina kasuwar Dole, hayaniya ta hana ni ji sai da na shige rumfar wani mai atamfa. Honorabul, Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifa, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ƙirgar da ya ce mu yi ta ba mu kunya. Samarin fada suka bi gida-gida da kaye da bik, muna zaton shafi biyu zai isa, sai ga shi sun cika takwas. Har gidajen ma'aikata a ciki, har gidan wani malamin lakol da ya yi ritaya, jikokinsa uku. A nan ba zan rufa mana asiri ba. Kwana bakwai suna isar mu mu nemo rago, goro, cingam da kayan barka, ko da bashi ne, amma kwana 60 ba sa isar mu mu taka mu faɗi sunan yaron inda za a rubuta kyauta. Ni da nake wannan magana shekara goma yarinya na gidana.

Ranar farko tun da sassafe filin ya cika. Alƙali a tsakiya ƙarƙashin rumfa, magatakardan kotu a damansa, ma'aikatan mairi a wani teburi gefe. Da aka kira tamu, innarmu ce shaida, ita da ungozomar da ta karɓi haihuwar, wadda yanzu sai da sanda. Alƙali ya ce, "Iya, yaushe aka haife ta?" Inna ta ce ita ba ta san shekarar Nasara ba. Ya ce to me ya faru a gari lokacin? Ta rufe ido, ta ce an yi ƙaramar salla, ba a kai layya ba, ana cikin girbin hatsi, don uban yarinyar daga gona aka kirawo shi da ƙaiƙayi a jikinsa. Ungozoma ta karɓe, ta ce shekarar da aka buɗe matatar mai ce, domin ɗanta ya tafi neman aiki can hanyar Tanut, ba a yi arba'in ba aka yi bikin buɗewa. Alƙali ya dubi magatakarda, ya ce matatar Soraz ƙarshen Nuwamban 2011 aka buɗe ta. Suka lissafa baya, wata ya faɗa Oktoba. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mani ba, ba don takardar ba, don ƙaiƙayin nan da inna ta tuna a jikin wana.

Haka aka yini. Wata ta ce shekarar da soja suka kama Tandja, aka ce 2010. Masu goyo kuma duk maganarsu ɗaya, kafin ko bayan faɗuwar tsohon masallacin Birni, wato damanar 2024. Wani dattijo ya zaro katinsa yana nuna mana inda aka rubuta an haife shi "wajen" shekara kaza, ba rana ba wata, ya ce shi bai yarda jikokinsa su gaji wajen ba. Ranka ya daɗe alƙali, mun gode da haƙurinka. Ba ka daka wa tsohuwa ko ɗaya tsawa ba, kuma inda shaidu suka saɓa ba ka rufe ido ka sa hannu don a sallami layi ba.

Magatakardan kotu sai na ware shi daban. Duk sunan da ya rubuta sai ya ɗaga kai ya karanta wa uban harafi-harafi, ya gwada da katin uban da abin da ke cikin rajistar makaranta. Mutane suka fara gunaguni yana ɓata lokaci. Wanda ya taɓa ganin an mayar da dosiye don takarda ɗaya ta ce Mahaman ɗaya ta ce Mamane, ko Zeinabou a nan Zainabou a can, shi bai yi gunaguni ba. Gyaran harafi ɗaya daga baya komawa kotu ne. Malam, Allah ya ƙara basira.

Mun gode wa baba mai unguwa da ya bar harkokinsa ya zauna kwana biyu cur, duk wanda aka yi shakkar asalinsa shi ake juyawa a kalla. Mun gode wa liman da ya yi sanarwa Juma'a biyu a jere, da darektan makaranta da ya ba da fili da bencina, da ma'aikatan mairi da suka wuce lokacin tashinsu. Matan unguwa sun haɗa kuɗi sun yi dambu da zogale, kuma saboda famfo bai kawo ba a kwanakin, abin da ba baƙo ba ne a Damagaram, wani ɗan ga-ruwa ya turo kura biyu ya ƙi karɓar ko tamma, ya ce ɗansa na cikin layi. Samarin fada da ake yawan zagi da zaman shayi, su suka kafa rumfa, su suka tsare layi, su suka goyo tsofaffi a babur suka mayar da su. Shayin ma mun sha.

Honorabul ya zo rana ta biyu da la'asar. An aje masa kujera kusa da alƙali, ya ƙi, ya ce wurin kotu ne. Ya tsaya bayan rumfa yana yi wa wata mata bayanin dalilin da ya sa aka ce nata yaran, da aka haifa a Matamai, sai a kotun can. Ba ta ji daɗi ba, ta faɗa masa maganganu, ya saurara har ta gama, sannan ya karɓi sunan ƙauyen ya rubuta a bayan hannunsa.

Yarinyata ta kai dosiyenta jiya. Kafin ta tafi ta sa takardar cikin leda, ta sa ledar cikin littafi, ta hana ƙannenta ko taɓawa.

Waɗanda sunansu ke shafi huɗu na farko, takardunku suna wurin mai unguwa, a zo bayan la'asar da katin uba ko na uwa, kuma a karanta sunan a wurin kafin a tafi da ita. Sauran shafukan sai mairi ta gama rubutawa, za a faɗa a masallaci. Waɗanda aka haifa a wajen gari su same ni in rubuta su a kaye daban, Honorabul ya ce a kawo masa jerin. Matan da suka haihu bayan zaman nan kuma, mun ji akwai biyu a layin bayan masallaci, kwanakinku 60 sun fara tafiya. Sannan bencin makaranta guda ɗaya da babbar butar shayin fada har yanzu ba su dawo ba, wanda suke gidansa don Allah ya aiko yaro da su.