Na sa wa kekena giya a gida

Kekena Phoenix ne mai giya ɗaya, wanda nake zuwa gona da shi ta hanyar Batsari. Idan na ɗora buhun gero a kariya, iskar hunturu kuma ta taso ta gaba, gwiwoyina ne ke shan wahala. Shi ya sa na zauna a zaure na sa masa giya biyar.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne zaren da ake murɗa firiwil (haƙoran baya da sarƙa ke hawa) a jikin hob, wato cibiyar wilin baya, iri ɗaya ne, ko mai giya ɗaya ko mai biyar. Na kwance tsohon firiwil, sabon mai biyar ya hau lafiya. Daga nan aikin ya fara. Sabon ya fi faɗi, dole na sa aksil mai tsawo, na ƙara washa a gefen sarƙa, na ɗan buɗa firam ɗin, tunda ƙarfe ne yana jurewa. Sai wilin ya karkace gefe guda. Nan na fi daɗewa: ina sassauta sifok na hagu, ina ɗaure na dama, rabin murɗi rabin murɗi, har ya dawo tsakiya. Wannan wurin yana son haƙuri ƙwarai, mai gaggawa kada ya taɓa.

Tsohuwar sarƙa ta yi kauri, ba ta shiga tsakanin haƙoran, na sayo siririya a Babbar Kasuwa. Wanda birkinsa na feda ne kuwa, wannan dabarar ba za ta yi masa ba.

Jiya na dawo da kaya har Ƙofar Guga ban sauka na tura ba. Alhamdulillahi.